Yadda Babur Ɗina Ya Koma Ajin Masu Ruwa

Sana'ata gyaran injin ban-ruwa. Rumfata tana bakin hanya a Talata Mafara, kuma yawancin masu zuwa wurina manoman rani ne na Bakolori, masu shinkafa da alkama da albasa. Gyaran babur ba shi nake ci da shi ba, amma wanda ya saba buɗe cikin injin ban-ruwa ba zai tsaya yana kallon na babur ba. Ina da nawa, wani tsoho ɗan Indiya irin na 'yan kabu-kabu, wanda na kwance na ɗaure har na san kowane noti da ke jikinsa.

A shekarun da nake magana, kafin hanyoyinmu su zama abin tsoro, 'yan kabu-kabu na Mafara da Bakura da Maradun suna haɗa tsere sau ɗaya a shekara. Bayan an yanke alkama ake yi, cikin tsakiyar bazara, a wani fage kusa da Birnin Tudu. A jera tsofaffin tayoyi a yi da'ira mai faɗi, a zagaya sau ashirin. Ba sai ɗan kabu-kabu ba, duk mai babur da ke jin kansa yana iya shiga. Wanda ya zo na ɗaya rago ake ba shi.

Baburanmu duka iska ke sanyaya su. A jikin injin akwai ƙarafa a jere kamar haƙarƙari, iska ta ratsa tsakaninsu ta kwashe zafi. In kana tafiyar kasuwa wannan ya isa. Amma ka murɗe totur har ƙarshe cikin ranar bazara, kafin zagaye goma injin ya ɗauki zafi, baƙin mai ya tsinke, ƙarfi ya ragu, ka ji babur yana nishi a ƙarƙashinka. Saboda haka tseren namu rabinsa gudu ne, rabinsa lallashin inji.

Wata shekara wani matashin ɗan kasuwa na garinmu, mai kai albasa kudu, ya dawo da wani ƙaton babur mai lagireto a gaba irin na mota, har da 'yar fanka. Ruwa ke zagayawa cikin injinsa, don haka yadda ya fara zagaye na ɗaya haka yake gama na ashirin. Ya ci ragon yana waige. Aka yi ta gunaguni har maganar ta kai ga alƙalin tseren, wani dattijo ɗan Maradun, tsohon malamin Arabiyya da ya hau babur tun muna cikin zani. Malam ya sa aka rubuta doka a jikin kwali aka rataye a tsamiyar bakin fage: daga yau aji biyu ne, ajin iska da ajin ruwa, kuma ba a tseren aji sai an sami mutum uku. To, a garuruwan nan uku mai albasa kaɗai ke da lagireto. Shekara biyu yana zuwa da babur ɗinsa a wanke, ya kafe shi gindin tsamiya, ya zauna a kai yana kallonmu.

Ni kuwa damuwata ba shi ba ne. Damuwata taubashina, ɗan ƙanwar mahaifina da ke aure a Bakura. Sa'ana ne, manomin shinkafa ne kuma yana kabu-kabu, kuma tun muna yara kowannenmu ke cewa ɗayan bawansa ne. A tseren shekarar da ta gabata ni na ja gaba har zagaye na sha bakwai, sai injina ya yi zafi, ya wuce ni ya ci ragon. Ragon ban damu da shi ba. Abin da ya biyo baya ne ya dame ni. Duk inda muka haɗu, ko suna ko ɗaurin aure, sai ya miƙe da fara'a a gaban mutane ya ce, "A'a, ka iso? Tun bara muke jiranka bakin fage." Shekara guda cur ina shan wannan.

Dabarar a gona na samo ta. Na je gyara wa wani manomi inji a Bakolori, na tarar ya jiƙa tsumma ya ɗora a kan injin, in ya bushe ya sake jiƙawa. Na tsaya ina kallon tururin da ke tashi, har ya tambaye ni ko lafiya.

Da na dawo na shiga kemis na sayi robar ƙarin ruwa, irin wadda ake rataya wa mara lafiya. Na sami ƙaramin galan, na huda murfinsa, na cusa shi cikin tsohon buhu na ɗaure a kariyar babur kamar jakar kayan aiki. Robar na bi da ita ta ƙarƙashin kujera da tanki, bakinta ya tsaya daidai saman haƙarƙarin inji. Ɗan abin murzawar nan da ake rage gudun ruwa da shi na ajiye shi kusa da gwiwata ta hagu. Na gwada a hanyar Bakolori da rana tsaka. Da injin ya fara nishi na murza, ruwa ya fara ɗiga, cas, cas, ba a jima ba na ji ƙarfi ya dawo. Ni kaɗai nake dariya a kan hanya.

Kuskurena ɗaya, a tsakar gida na yi haɗin. Matata ta fito da tsintsiya ta tsaya ta dube ni, ta dubi robar.

"Malam, babur ɗin ba shi da lafiya ne aka sa masa ƙarin ruwa?"

Na ce zazzaɓi yake yi duk bazara. Ta yi dariya har ta zauna a kan turmi. Bayan kwana huɗu ta tafi biki Bakura, kuma labari mai daɗi irin wannan ba a barinsa a gida.

Sai dai ni ma ina riƙe da asirin taubashin nawa. Wata guda kafin tseren taubashina ya zo rumfata yana neman siraran bututun jan ƙarfe guda biyu, wai na injin wani maƙwabcinsa ne. Na dubi tsawon da ya auna da igiya, na san babu injin ban-ruwan da ke buƙatar wannan. Ran kasuwa da ya kafe babur ya shiga masallaci na durƙusa na leƙa. Ya samo wani ɗan ƙaramin lagireto, bai fi tafin hannu ba, daga cikin tarkacen wani keke mai ƙafa uku, ya shafe shi da baƙin fenti ya ɓoye a ƙarƙashin tanki. Ba ruwa ke bi ta ciki ba, baƙin man injin ne ke fita ya sha iska ya koma. Na miƙe na kakkaɓe gwiwata, ban ce wa kowa komai ba.

Ranar tsere aka jera babura a gaban tsamiya, mu goma sha wani abu. Malam yana bi ɗaya bayan ɗaya da sandarsa, ya ƙwanƙwasa taya, ya matsa birki, ya wuce. Ya zo kaina muka gaisa, ya tambayi iyali da aiki da zafi, har ya ɗaga ƙafa zai wuce. Sai na ji muryar taubashina daga can ƙarshen layi.

"Allah shi gafarta Malam, a tambayi wanga bawa nawa mi ke cikin buhunshi. Na ji an ce babur ɗinshi jinya shika yi."

Malam ya dawo. Ya sa bakin sanda ya ɗaga buhun, ya bi robar da ido tun daga galan har kan inji. Mutane suka matso, aka fara dariya ƙasa-ƙasa.

Na riga na shirya amsata tun a gida. Na ce, "Allah shi gafarta Malam, doka ta ce mai ruwa cikin inji. Nawa ba ya shiga ciki, a kai yake zuba. In hadari ya taso muna cikin tsere aka yi ruwa, duk mun koma ajin ruwa ke nan?"

Wasu suka ce maganata tana kan hanya. Malam ya shafa gemu.

"Ruwan sama, kai kaka ɗauko shi cikin galan?"

Na ce a'a.

"Kai kaka buɗe shi da gwiwa in ka so, ka rufe in ka so?"

Na ce ni ne.

Ya ce shi abin da yake dubawa shi ne abin da ke kwashe zafin, da kuma wanda ya tanade shi. In iska ce ta Allah, ajin iska. In ruwa ne da mutum ya ɗauko da niyya, ajin ruwa, ko a ciki yake ko a kai. Amma ya ba ni zaɓi: in kwance galan in zauna cikin 'yan'uwana, ko in bar shi in koma gindin tsamiya wurin mai albasa.

Na sunkuya zan kwance igiyar. Taubashina yana dariya har da riƙe ciki, yana cewa a yi wa mara lafiya sannu. Na saki igiyar na miƙe.

"Malam, tunda yau ranar duba marasa lafiya ce, a leƙa ƙarƙashin tankin wancan."

Dariyar ta tsaya. Malam ya taka har can, ya durƙusa da ƙyar, ya daɗe yana kallo. Da ya miƙe ya tambayi taubashina mene ne wannan.

Shi ma ashe ya shirya tasa. Ya ce wannan mai ne, ba ruwa ba. Kowane babur a layin nan yana da baƙin mai a cikinsa. Kuma man nan iska ce ke sanyaya shi, don haka shi ɗan ajin iska ne na asali.

Malam ya ce, "Ruwan da ke cikin lagireton wancan yaron, mi ke sanyaya shi?"

Taubashina ya duba ƙasa ya ce iska.

Duk wannan abin mai albasa yana zaune a kan babur ɗinsa. Na ga lokacin da lissafin ya faɗo masa: shi ɗaya, ni biyu, taubashina uku. Ya diro ya ratsa taro, ya durƙusa gaban Malam da ladabin da ban taɓa ganinsa da shi ba. Ya ce shi ba shi da ilimi, amma a ganinsa duk abin da ke kwarara cikin bututu ɗan'uwan ruwa ne. Ya ce in ba a tanadi kyauta ga ajin ruwa ba, shi ya ba da buhun albasa ga wanda ya zo na biyu, shi kansa ba ya son komai, a dai bar shi ya yi gudu.

Malam ya yanke cewa mai da ke zaune cikin inji na kowa ne, amma wanda aka fitar waje aka gina masa ɗaki don ya sha iska ya koma, hukuncinsa hukuncin lagireto. Ya ba taubashina zaɓi irin nawa. Sai dai nawa igiya ce kawai za a kwance. Nasa sai an juye mai, an cire bututu, an toshe ramuka, aikin awa guda, ga shi ana shirin tashi. Dole ya tura babur ɗinsa gindin tsamiya.

Nan fa hanya ta buɗe mini. In na kwance galan, babu mai tsare mini gaba a ajin iska, ragon nawa ne. Ajin ruwa kuma ya koma mutum biyu, babu tsere, taubashina ya yini yana kallo. Na kama igiyar karo na biyu. Mai albasa yana dubana kamar zai yi kuka. Taubashina ya jingina da tsamiya ya ce, ba da ƙarfi ba, amma kowa ya ji, "Kwance, ka je ka ci ragonka. Ni dai na san gudu ka yi."

Na tsaya na tambayi kaina abin da na kwana ina so shekara guda. Ba nama ba ne. Na ƙara wa igiyar ƙulli ɗaya na tura babur ɗina kusa da nasa.

Aka fara da ajin iska. Wani mai sayar da gyaɗa daga Maradun ya ci, mutum mai haƙuri da bai taɓa wuce na biyar ba in muna ciki. Da aka miƙa masa igiyar ragon sai da ya zo har gindin tsamiya ya yi mana godiya, mu biyu, da zuciya ɗaya. Babu wanda ya amsa da kyau a cikinmu.

Bayan an yi azahar aka kira ajin ruwa. Rana ta take, ƙasa tana ƙuna ta cikin takalmi. Malam ya sauke hularsa, muka tashi. Mai albasa ban ga tashinsa ba, ƙara kawai na ji. Kafin mu yi zagaye huɗu ya zo ta bayanmu, ya rage gudu daidai kusa da mu, ya ce, "Sannunku da aiki," ya wuce. Haka ya riƙa yi duk lokacin da ya riske mu, bai fasa ba ko sau ɗaya.

Mu kuwa taya da taya muke. A zagaye na takwas na ji injina ya fara nishi, na murza da gwiwa, ruwa ya fara ɗiga. A na goma na wuce taubashina ta ciki a kan kwana, na ɗaga masa hannu. Da na tsaya a nan da labarin ya yi kyau. Amma a zagaye na sha takwas na ce tunda ɗigo ya yi wannan aiki, bari in ga abin da kwarara za ta yi. Na buɗe duka.

Tururi ya tashi ya daki ƙwabrina ta ƙasan wando, na ji kamar an watsa mini ruwan shayi. Na janye ƙafa, gwiwata ta bugi robar, bakinta ya kauce ya koma daidai kan fulogi. Babur ya yi tari sau uku, ya yi ta fizga har na shiga zagaye na sha tara, sannan ya mutu. Taubashina ya wuce ni yana rera mini sannu.

Bai yi nisa ba. Bututun da na sayar masa lafiyarsu lau, amma shi ya ɗaura da kansa, da guntun roba da waya, don kada in gani. Girgizar fage ta kwance ɗaya. Tun zagaye na sha biyar mai ke tsiyaya a kan ƙafarsa bai kula ba. Yana shiga zagayen ƙarshe injin ya fara ƙara irin ta ƙarfe a kan ƙarfe, ya yi hankali ya kashe. Dokar tseren ita ce mutum ya ƙetare layi tare da babur ɗinsa, ko a kai ko a gefe. Ya sauka ya fara turawa, takalminsa na dama yana santsi da mai yana fita, ya koma ya saka, ya sake fita.

Ni a can baya na fizge robar, na kwance galan na jefar da shi cikin tayoyi. Na goge fulogi da bakin riga, zafin injin ya ƙarasa busar da shi. Na taka kik sau biyu shiru, na uku ya tashi. Na gama zagaye na sha tara, na shiga na ƙarshe, na hango shi a gaba, ya cire takalman yana turawa da ƙafa a ƙasa mai zafi, saura kamar taku ɗari.

Da na iso kusa da shi na sauko giya ɗaya, na daidaita tafiyata da tasa.

"Barka da rana," na ce. "Ina gajiya? Ya gona? An samu shinkafa bana? Ya goggo da jiki? Ya yara?"

Numfashi kawai yake yi. Na raka shi haka har saura taku goma, ina tambayarsa mutanen Bakura gida-gida, 'yan kallo suna faɗuwa don dariya. Sannan na murɗa totur na ƙetare layi.

Na sauka ina jiran buhun albasa. Malam ya taho a hankali, ya zagaya babur ɗina, ya taɓa kariya da sanda.

"Ina galan?"

Na nuna masa can cikin tayoyi.

Ya ce, "To, wanga da ya ƙetare layi, mi ke sanyaya shi?"

Na ga inda ya dosa. Na ce iska.

"Ajin iska kuwa an gama tserensu tun kafin azahar," in ji shi. Fuskarsa ba dariya, amma gemunsa yana rawa. Ya juya ya jira taubashina ya turo nasa ya ƙetare, da ɗan lagiretonsa a jiki yana ɗigar mai, ya ce ga na biyu.

Aka ɗauko buhun albasa daga motar mai albasa, wanda a ranar ya fi ango farin ciki. Sai dai babur ɗin taubashina ba ya tashi, kuma duk wanda ya roƙa ya ja shi sai ya ce ai ga ɗan'uwanka nan. Da la'asar sakaliya aka ga mai babur ɗaya yana jan wani da igiya a hanyar Bakura, buhun albasa a kariyar na gaba, na baya ba takalmi. Duk ramin da na gani sai na bi ta cikinsa.

Goggo tana tsakar gida tana tsince shinkafa muka shiga da sallama. Ta dubi ƙwabrina da ya yi bororo, ta dubi ƙafafun ɗanta baƙi ƙirin da mai. Ta sa aka kawo zuma ta shafa mini da kanta, ba da tausayi sosai ba. Sannan ta tambaya wa ya ci.

Na ce ni na riga shi ƙetare layi. Ya ce shi alƙali ya ba. Muka fara yi mata bayanin aji biyu da abin da ke kwarara cikin bututu, kowa yana katse ɗan'uwansa. Ta saurara har muka gaji. Ta ce ita ba ta gane ko ɗaya ba, abin da ta gane shi ne magidanta biyu masu 'ya'ya sun bar aikinsu sun je sun ƙone ƙafafu a rana. Ta nuna buhun da tsinken hannunta ta ce a shigar mata da shi ɗaki, kuma mu ɗauka tare don yana da nauyi.